Ƙofar da Na Gyara wa 'Yata

Sana'ata zanen gidaje. Na fi shekara ashirin ina zaune gaban kwamfuta a wani ɗan ofis a Unguwar Sarki. Mutum ya zo da takardar filinsa, in fitar masa da falo da ɗakuna da inda matakala za ta bi. Saboda haka ranar da 'yata ta dawo daga makaranta tana haki, ta ce malamarsu ta ba su aikin gine-gine wanda za su yi zangon karatu guda suna yi, sai da na gyara zama. A raina na ce, to, yau dai abin ya zo gidan masu shi.

Tana aji biyar na firamare a lokacin. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kiran sunanta, Mamana nake ce mata. Malamar tasu sabuwa ce, ba ta yarda a cika allo da rubutu yara su yi ta kwafa ba. Cewa ta yi kowane yaro ya zaɓi gini guda, ya fito da tambaya ɗaya a kansa, ya nemi wanda ya sani ya tambaye shi, ya auna, ya zana, sannan ya gina ɗan ƙaramin irinsa a kan falanki. A ranar ƙarshe iyaye za su zo, kowa ya tsaya gaban aikinsa ya yi bayani. Har ɗan kati ta raba musu, a ƙasansa an ja layi an rubuta: waɗanda suka sa hannu a aikin nan.

Layin nan na ƙura wa ido. Tuni na hango abin da za a rubuta a kai.

Na ce, "Mamana, wane gini za mu yi? Akwai wani bene mai hawa biyu da na zana, in kika ga tagoginsa..."

Ta ce, "Ai na zaɓa, Abba. Gidan Hajiya zan yi. Baffa zai koya mini."

Ta faɗa ne tana cire safa, ko kallona ba ta yi ba.

Baffan nata yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan Hajiya kuwa gidanmu ne na gado a Unguwar Shanu, wanda mahaifinmu ya gina da hannunsa da jar ƙasa lokacin da ya taso daga wajen Zariya. Daga baya an shafe shi da siminti, an ɗora kwano, amma cikinsa laka ne har gobe. Mahaifinmu magini ne. Yaya ya bi shi, ya gaji sana'ar, yanzu birkila ne mai aikin bulo, shi ke zaune a gidan tun rasuwar Hajiya, mahaifiyarmu. Ni aka kai boko. Mutane suna cewa don na fi ƙoƙari ne, ni kuwa na san yadda aka yi. Ina ɗan shekara goma na jera tubali layi uku a bayan gida, mahaifinmu ya zo ya duba, ya sa ƙafa ya taɓa, duk suka zube. Ya ce, "Wannan hannun na alƙalami ne." Bai faɗa da faɗa ba. Washegari ya kira Yaya zuwa wurin aiki, ni aka bar ni a gida. Har yau Yaya ba ya kirana sai da Injiniya, kuma ban taɓa rarrabewa ba ko girmamawa ce ko tsokana.

Kowace Asabar ni ke kai ta Unguwar Shanu da hantsi. In zauna a kan dakalin ƙofar gida ina danna waya, kunnena kuwa yana wurinsu. Yaya ba ya riƙe tef ɗin awo. Da ƙafa ya sa ta auna katanga, dunduniya na bin yatsa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Suka kwaɓa laka a tsohon daro, suka yayyanka busasshiyar ciyawa suka zuba, ya sa ta bar kwaɓin ya yi kwanaki kafin a taɓa. Suka yi ta mulmula 'yan tubala kamar goro suna jerawa a inuwa. In ta yi kuskure ba ya gyara mata, sai ya ce, "Sake dubawa, uwar masu gida." Ita kuma ta yi ta ƙyalƙyala dariya, irin dariyar da ban san tana da ita ba.

Kishi nake yi, ba wani suna da zan ba abin. Ni da gemuna da furfura, ina kishin yayana a kan yarinya 'yar shekara goma.

A gida kuwa ba a jin komai sai "Baffa ya ce". Baffa ya ce katanga daga ƙasa take da kauri, tana hawa tana sirancewa. Baffa ya ce indararo in ya yi gajere, ruwa cin bango yake. Wata rana muna cin tuwo na ƙirga "Baffa ya ce" har guda tara kafin a ɗauke kwano. Na ajiye cokali na ce, "Shi Baffan naki ya gaya miki yadda ake rage babban gini ya dawo ƙarami ba tare da ya karkace ba? Wannan lissafi ne, sai an je makaranta."

Ta ce, "E. Ya ce taku ɗaya, yatsa ɗaya."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daidai ne. Abin da na yi wata guda ina koya a aji, shi ya ba ta a kalma huɗu.

Matata ta kawar da kai tana danne dariya. Da yarinyar ta fita ta ce, "Abban Mama, wai kai da yayan naka takara kuke yi ne?"

Na ce, "Takarar me? Mutumin da ko rula bai iya riƙewa ba?"

Ta ce, "To Allah ya ba da haƙuri."

Na sayo farin kwali mai kauri da gam da sabuwar reza, na ajiye a kan teburin karatunta ba tare da na ce komai ba. Ta yi godiya sosai. Kwalin ta shimfiɗa a ƙasa don kada laka ta ɓata mata siket. A duk makonnin nan akwai abu ɗaya da ban yi ba: ban taɓa tambayarta mece ce tambayar da ta fitar a kan gidan ba. Gani nake in na tambaya, na yarda ke nan akwai abin da ban sani ba.

Ana gobe taron iyaye, ranar Juma'a, Yaya ya kawo ginin gidana a bayan babur, an lulluɓe shi da leda saboda damina ce. Ya ce, "Injiniya, ga amanar uwar masu gida. A sa shi inda iska ke ratsawa, bai gama bushewa ba." Bai ko zauna ba. Bayan an sauko daga masallaci, Mamana da uwarta suka tafi kitso, gidan ya rage daga ni sai ginin a kan tebur.

Na yaye ledar. Wallahi ya yi kyau, kuma kyan ya ba ni haushi. Ga dakalin da nake zama, ga zaure, ga tsakar gida da rijiya, ga ɗakin Hajiya da 'yar rumfar kara da ta taso daga bayan zaure. A tsakar gidan, a kan 'yar tabarmar da aka saƙa da zare, an kafa guntun kara an naɗe shi da ƙyallen atamfa. Na gane atamfar, ta Hajiya ce, mai ruwan ganye, wadda take ɗaurawa in za ta tsince shinkafa. Na daɗe ina kallonta.

Daga nan na shiga neman kuskure. Na ɗauko rula na auna katanga, ta yi. Na auna ɗakuna, sun yi. Rufin zauren kamar murfi aka yi shi, sai na ɗaga. Ƙofar waje tana tsakiyar bango, ƙofar ciki kuwa an kai ta can kusurwar hagu, ba sa kallon juna ko kaɗan. Sai da na ji wani sanyi a raina. Na ce, yauwa, ga inda awon ƙafa ya kai su.

Ba zan ce ban san dalili ba. A zauren nan na yi rarrafe. Na san in ka shigo sai ka karkata hagu kafin ka samu hanyar cikin gida, kuma ko a makaranta an koya mana. Amma na shekara ashirin ina zana gidajen da ƙofa ke fuskantar ƙofa don iska ta wuce, kuma a ranar nan ba dalili nake nema ba. Wurin da zan sa hannuna nake nema.

Lakar tana da ɗan danshi. Na ɗora rula, na sa reza na yanka sabuwar ƙofa a tsakiyar bangon ciki, saitin ta waje, kusurwoyinta huɗu cif. Guntun da na cire na toshe tsohuwar da shi, na jiƙa yatsa na shafe. Na mayar da rufi. Rumfar karan ta rufe wurin, in ba ka sunkuya ba ba za ka lura ba. Na sa ginin a cikin wani babban kwali na ɗaure da igiya. Da ta dawo tana son ta duba, na ce ta bari sai gobe kada ya fashe. Tunanina shi ne in an gama yaba mata, sai in ce, kin ga ɗan gyaran da Abbanki ya yi?

Da safe ni na ɗauki kwalin har cikin ajinsu. Muna isa aka kira yara su yi layi a fili don tarbar iyaye, saboda haka ni na kwance, na ɗora a tebur, na jingina katin. A kan layin nan an rubuta da kyakkyawan rubutunta: Baffana. Kalma ɗaya, sauran layin fayau.

Ajin ya cika da iyaye. Wani yaro ya gina masallacin unguwarsu da kwalin sukari, wata ta yi shagon ɗinkin babanta a Rafin Guza har da ɗan keken ɗinki. Yaya ya zo da farar riga mai guga, ya raɓe a bayan aji kamar wanda ya zo ba a gayyace shi ba. Da aka zo kan Mamana, malamar ta zo da hedimasta, iyaye suka kewaye teburin.

Ta gyara hijabi, ta fara ba gargada. "Tambayata ita ce, me ya sa ƙofar gidan kakata take wuni a buɗe, amma mai wucewa ba ya ganin kowa a ciki? Na tambayi Baffana, ya ce kakana ne ya gina zauren haka, don kakata ta zauna a tsakar gidanta ta sha iska ba tare da idon baƙo ya kai gare ta ba. Ga kakata can a kan tabarma." Ta juya ga hedimasta. "Malam, don Allah ka sunkuya ka leƙa ta ƙofar zaure. In ka gan ta, na faɗi."

Na kawar da kai daga teburin.

Hedimastan dattijo ne mai raha. Ya cire hula, ya dafa gwiwa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya ɗan jima. Ya ce, "Ikon Allah. Ai kuwa ga Hajiya can, da zanenta mai ruwan ganye."

Wasu suka yi dariya, sun zaci wasa ne. Mamana ta ce, "A'a, Malam, ba za a gan ta ba." Ta sunkuya da kanta. Na ga yadda kafaɗunta suka sauka. Ta miƙe, ta ɗaga rufin zauren a hankali, ta tsaya tana kallon ciki.

Yaya ya matso daga baya yana murza hularsa. Kallo ɗaya ya yi wa bangon, bai dube ni ba. Ya ce, "Malama, a yi mata afuwa. Laifina ne, ni na kawo shi a babur, wataƙila..."

"Ba kai ba ne, Baffa."

Ta sa yatsa ta bi gefen sabuwar ƙofar, daga sama zuwa ƙasa. Duk sauran ƙofofin ginin bakinsu a mulmule yake, da alamar yatsu. Wannan kaɗai ce a miƙe sambal. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi.

Malamar ta yi ƙoƙarin rufa mana asiri. Ta ce wannan ma darasi ne, yanzu kowa ya ga abin da ke faruwa in ƙofa ta kalli ƙofa, aka ɗan tafa. Sannan ta ce a duba katin a tabbatar an cika shi, za ta karɓa.

Mamana ta ɗauki katin ta dube shi. Ta ce, "Malama, ban gama cikawa ba." Ta juyo wurina, karo na farko tun da ta ɗaga rufin. "Abba, ara mini bironka."

Na zaro shi daga aljihu na miƙa mata. Ta ɗora katin a gefen falankin, kusa da guntun karan da ke sanye da atamfar mahaifiyata, ta rubuta a hankali yadda kowa zai iya karantawa: da Abbana.