Layin da Dawuda ya tsaya

Dawuda mai sukari mutumin Damagaram ne. Da tiren goro ya shigo Injamena, ya koma tebur, daga baya ya kama rumfa a ƙaramar kasuwarmu ta Digel yana sayar da sukari da sabulu. Ni ɗan dako ne, na sauke masa buhuna shekaru da yawa, ban taɓa ganin ya tauye mudu ba.

Amininsa Ja'afar gurgu ne, cikin masu keken hannu da ke ɗauko kaya daga Kusuri ta Kamaru su baza a bakin ƙofar kasuwa. Da azahar Dawuda kan ajiye kwanon tuwo a ƙasa don Ja'afar ya kai hannu.

"Mai rumfa, yau ma miyar ba nama? Sukarinka kake ci?"

"Kai ka cinye mini ciniki, gurgun banza, sannan ka nemi nama."

Sai su yi dariya. Amma maganar gaskiya ce. Sukarin guragu ya fi araha, kuma mai saye da su yake fara cin karo. Rumfar Dawuda ta yi ta raguwa, har ya cire 'yarsa Huseina daga lakwal, wato makarantar boko.

Ana haka zaɓen shugaban kasuwa ya zo, mutum biyu suka tsaya takara. Alhaji Zubair ya ce in ya ci zai share bakin ƙofa. Malam Awwal ya ce guragu su zauna, su ma abinci suke nema. A kasuwarmu ba a jefa takarda, kowa bayan wanda yake so yake tsayawa, rana tsaka, ido na ganin ido. Masu rumfa kaɗai ke da wannan dama. Mu 'yan dako da guragu kallo ne namu.

Dawuda ya fito a makare. Ya tsaya tsakanin layukan biyu yana gyara hula. Ja'afar ya ɗaga murya daga kan kekensa:

"Yaya, yi sauri mana, tuwo na hucewa!"

Dawuda bai waiwaya ba. Ya sunkuyar da kai ya shiga bayan Alhaji Zubair.

Ko da bai shiga ba Alhaji zai ci, layinsa ya kai har wajen mahauta. Kowa ya gaya wa Dawuda haka.

Sati bai zagayo ba aka kori kekunan. Ciniki ya dawo, Huseina ta koma lakwal. Da azahar Dawuda ya ci gaba da ajiye kwano a ƙasa, ya zauna kan buhu ya ƙi taɓawa, sai in ɗauka in ba yara.

Da damina ya ce in raka shi unguwar Lamaji. Muka iske Ja'afar a gefen hanya, tayar kekensa ta nutse a laka, ga 'yan sabulai a tsumma ba mai tsayawa. Dawuda ya tuɓe takalmi ya tura keken zuwa tudu.

"Na gode, Alhaji," in ji Ja'afar. Bai ce Yaya ba. "Huseina na karatu?"

"Tana yi."

"To madalla. Allah ya yi mata albarka."

Dawuda ya buɗe kwanon da ya riƙo. Ja'afar ya ce ya riga ya ci. Muka dawo da shi a rufe.