Mai Hoto da Faifansa Biyu

Duk wanda ya girma a layinmu ya taɓa tsayawa gaban shuɗin labulen shagon Mai Hoto. Mutum ne dogo mai ɗan doro saboda yawan sunkuyawa bayan kyamara, kuma in ya ce ka ɗaga haɓa, dole ka ɗaga ko kai wane ne. Hoton makaranta, na fasfo, na sabon babur, duk wurinsa ake zuwa. Halinsa guda, ba ya zubar da fim. Kowanne ya wanke sai ya sa shi a ambulan ya jera a kwali, har kwalaye suka cinye rabin shagon. Matarsa takan ce ita da ɓeraye ne kaɗai suka san yawansu.

Da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, sana'ar ta mutu a hankali. Ya yi ta buɗe shago yana share ƙasa yana komawa gida, har wata rana ya mayar wa mai shagon makullinsa. Sai da ya kwaso kwalayen gida ya ga ɓarnar da danshi ya yi. Wasu fina-finan sun manne da juna, in ka ɓanɓare sai fuskar mutum ta biyo yatsanka.

Mijin 'yarsa Auta, wato surukinsa, mai aikin wayarin gidaje ne, shi ya kawo shawara. Ya zo masa da wata 'yar kwamfuta tsirara, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, irin wadda masu sha'awa ke haɗawa da kansu. Ya haɗo da sikana, wato na'urar ɗauko hoto daga fim zuwa kwamfuta, da tsofaffin faifan ajiya guda biyu. Ya ce duk hoton da aka ɗauko daga fim a ajiye shi a faifan duka biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Mai Hoto ya kafa tebur a ɗakin baya kusa da taga, ya kama aiki kamar sabon ɗauka.

Matsalar farko wuta ce. Cajar waya ce ke riƙe da 'yar kwamfutar, ita kuma kwamfutar ke ba faifan wuta. Da faifai ya fara juyawa sai ka ji ƙat-ƙat, ya tsaya, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Surukin ya yi masa bayani cewa faifai kamar injin ruwa yake, lokacin tashi ya fi jan wuta, don haka kowanne a ba shi adaftarsa daban. Aka yi haka, ƙarar ta daina. Amma sai daga baya Mai Hoto ya gano abin da mace-macen nan suka bari. Ya buɗe hoton wani direba tsaye gaban motarsa, ya tarar daga ƙugu zuwa ƙasa launin toka ne kawai. Fim ɗin kuwa tuni ya ba matarsa ta ƙone, domin shi da bakinsa ya ce duk wanda aka gama da shi a fitar, kada ya ci gaba da ruɓar da sauran.

Wannan ne ya sa dattijon da furfura ta rufe masa kai ya zauna koyon rubuta manhaja, yana kallon darussa a wayar Auta. Abin da yake so ba shi da yawa: ta buɗe kowane hoto ta ga ko cikakke ne, sannan ta gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya faifan. Ta farko da ya rubuta ta yi aiki. Bayan 'yan kwanaki ya koma zai gyara wani abu, ya kasa gane ko layi guda. Sai ya goge ya sake daga farko. Ya raba aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa aiki ɗaya tak take yi, ya ba ta suna da cikakkiyar magana ba taƙaitawa. In an sami matsala kuma, manhajar ta faɗa a fili: wannan hoton bai buɗe ba, wannan ya bambanta da na faifai na biyu.

Auta, wadda ke aiki a kemis kuma ba ta san komai a harkar manhaja ba, ta leƙa allon wata rana ta karanta daga sama har ƙasa, ta fahimta. Ta yi dariya ta ce ai wannan kamar ana lallashin ɗan aji ɗaya ne.

"Ɗan aji ɗayan ni ne, Auta," in ji shi. "Abin da na rubuta jiya, yau sai in ga kamar wani ne ya shigo ya rubuta."

Auta ta daina dariya. Dama mahaifiyarta ta gaya mata cewa kwanan baya ya fita sayen ƙwan fitila, mai kanti ne ya rako shi gida don ya rasa lungunsu. Suka kai shi asibiti. Likita ya ce irin mantuwar nan ce da ba ta komawa baya, magani sai dai ya rage mata gudu.

Daga nan ya shiga sauri. Tun da safe yana ɗakin baya, abinci sai an kai masa. Wani lokaci yakan sa ambulan ɗin da ya gama jiya, manhajar ta ce wannan an riga an ajiye shi, shi kuma ya ce ya gode. Matarsa ta ce tunda suke tare bai taɓa gode mata yadda yake gode wa akwatin nan ba.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi, tagar ta fara yoyo. Ya cire wayoyi duka ya ja teburin tsakiyar ɗaki. Wajen mayarwa hannunsa ya kai kan adaftar wata tsohuwar kwamfutar Auta da ke cikin durowa. Bakinta iri ɗaya ne da na faifan, amma wutarta ta fi ƙarfi. Ya jona wa faifai na farko, aka ji ɗan tas, ƙauri ya tashi. Ya ɗauka faifan ne ya gaji. Don ya tabbatar ɗayan na nan lafiya, ya zare wayar ya soka masa.

Surukin ya yi yawo da su wurin masu gyara. Ɗaya suka ce ya tafi har abada. Ɗayan aka canja masa allon ƙasa ya tashi da ƙyar. Suka jona shi, dukansu a tsaye a ɗakin baya, aka kunna manhajar. Ta yi aikinta yadda aka rubuta ta. Wannan hoton bai buɗe ba, wannan bai buɗe ba, jefi-jefi ta sami mai kyau. Matarsa ta fita tun ba a yi nisa ba, don ita ta san yawan fim ɗin da ta ƙone da hannunta.

Kusan rabin kwalayen ba a taɓa su ba tukuna, surukin ya ce sai a ɗora daga nan. Mai Hoto ya zauna gaban allon yana bin layukan da yatsa. Kowane layi yana ganewa, amma kafin ya kai ƙasa na sama ya ɓace masa. Can ya waiga ya tambayi Auta wa ya rubuta wannan.

"Kai ne, Baba."

Ya jinjina kai, ya ce ko wane ne dai yana da haƙuri.

Surukin ya yi niyyar ci gaba da aikin ranakun hutu, ya ma fara, sai aka tura shi aikin wani gini a wani gari mai nisa. Auta ta kwashe iyayen ta mayar da su gidanta, kwalayen aka tura su ƙarƙashin bene inda danshi ya fi na da. Lokaci-lokaci wani daga layinmu yakan je neman hoton mahaifinsa da ya rasu. Matar Mai Hoto ce ke fitowa, ta ba shi ruwa, ta ce ya sake zagayowa in surukin ya dawo. Yanzu masu zuwan ma sun ragu. Mai Hoto yana zaune a baranda yawancin yini, hannuwansa kan gwiwa. Ba ya rigima da kowa, in an ba shi abinci ya ci, in an gaishe shi ya amsa da fara'a ya tambaye ka ɗan gidan wa ne.