Waken Inna da na raba da tokarsa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce na tona asirin gida. Amma abin nan ya ƙi barin raina, kuma na san har in mutu ba zan manta da shi ba.

Shekarata ta biyu ce a gidan mijina, nan Zongo. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta tafi wani gari jegon ɗiyarta, ta bar mini makullin mangaza, ɗan ɗakin da muke ajiye abinci. Ni kuwa ko cokali na gani a karkace sai hankalina ya tashi. Ɗakin nan buhu kan buhu, kuka kusa da sabulu, daddawa a tsohon gwangwani ba murfi. Na ce kafin ta dawo sai na gyara shi.

Na je kasuwar Sankaryaaré na sayo bokitan roba masu murfi. Mijina ya kafa mini katako hawa uku a bango. Shinkafa da masara a ƙasa, kayan miya a tsakiya, sukari da gishiri a sama. A can lungu na tarar da wani tulu an liƙe bakinsa da laka. Na fasa lakar, sai ga wake cuɗe da toka. Ni haifaffiyar birni ce, ban taɓa riƙe fartanya ba. Na ɗauka ƙazanta ce. Na tankaɗe tokar tas, na juye waken a sabon bokiti, har ina jin daɗin kaina.

Bayan wata biyu Inna ta dawo. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallo.

"Kai, ɗiyar nan, kanti kika buɗe mana? Ina tuluna?"

Na nuna mata bokitin. Tana ɗaga murfin ƙwari suka taso mata a fuska. Ta ɗebi waken a tafi, duk huji. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi cina ke nan. Ta ce iri ne, ba na ci ba. Uwarta ta ƙulla mata shi a zane ranar da ta baro Nijar, kowace damina tana shuka shi a wata 'yar gona bayan gari, ta ware na baɗi ta binne a toka don kada ƙwari su shiga. Babu irinsa a kasuwar nan.

Mijina ya ja ni gefe ya ce, "Ki sayo wani ki haɗa mata, wake ai wake ne. Wannan a dafa mana benga, wake da shinkafa, mu huta."

Na ce, "Na yi ɓarna, in ƙara da ƙarya? Wallahi ba da ni ba."

Na shimfiɗa tabarma a rana, na baza waken, na ɗauki faifai. Ƙwaya ɗaya-ɗaya nake dubawa, ina juya ta gaba da baya. Mai huji gefe, mai lafiya cikin kwano. Wadda na yi shakka sai na duba ta sau uku. Kwana huɗu ina haka, wuyana ya ƙage, maƙwabta suna leƙowa suna dariya wai na zama likitar wake. Daga tulu guda, kwanon sha ɗaya na samu.

Hankalina bai kwanta ba, don ban san ko suna da rai ba. Na shuka goma a gwangwani bayan ɗaki. Kullum ina tsugune a kansu. Rana ta biyar, guda shida suka fito. Na kira Inna. Ta duba, ta duba, sannan ta ce, "Tashi ki ƙona karan gero, in nuna miki yadda ake zuba tokar." Tare muka liƙe bakin tulun, ita da kanta ta zaɓa masa wuri a hawa na ƙasa.

Tun daga ranar, duk abin da na tarar a ajiye ban gane dalilinsa ba, sai na tambayi mai shi kafin in taɓa. Gyara ba tare da tambaya ba ya kusa kashe abin da aka yi shekaru ana raino.

Yanzu Inna ta rasu, irin yana hannuna, kuma bara bai yi yabanya sosai ba. Ƙanana ne, farare masu jan ido, suna nuna da wuri. Don Allah duk wanda ya san garin da har yanzu ake shuka irinsa, ya sanar da ni.