Shekari Ya Je Jin Ruwan Matsirga

Duk wanda ya zauna a unguwar Kakuri ta Kaduna a wancan zamanin, in bai san fuskar Shekari ba, to ya san muryarsa. Mutumin kirki ne, amma in ya ce maka ina kwana sai ka ɗauka faɗa yake nema. Ba laifinsa ba ne. Shekara goma sha tara yana tsaye tsakanin injinan wata masaƙa, ƙarar tana cinye masa kunnuwa kaɗan-kaɗan. A wurin aiki, da leɓe da hannu suke hira.

Hirarsa a gida kuwa ɗaya ce: Matsirga, ruwan nan da ke faɗowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, inda ya yi kiwon awaki yana yaro. Duk iyalin da za su je can yawo sai sun biyo ta wurinsa. "Ku bari damina ta ɗauke! Ku sa takalmin roba! Dutsen da ya yi kore kada ku taka, santsi gare shi! Burodi a leda! Da kun kai wata tsohuwar ɗorawa, za ku fara jin rurinsa."

Gwanin shawara ke nan, alhali rabonsa da wurin tun kafin ya yi aure.

A 1986 likita ya gaya masa gaskiya, cewa ɗan jin da ya rage ba zai kai baɗi ba. Shekari ya dawo gida ya ce wa matarsa Celina, "Maman Judith, ina so in ji ruwan nan sau ɗaya kafin a rufe mini ƙofa." Ranar Asabar suka hau jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, su biyu da 'yarsu Judith.

Suka kai ɗorawar. Ya tsaya, ya karkata kai. Shiru.

"Kash," ya ce, "ruwan ya ƙafe. Na wahalar da ku a banza."

Celina ta dubi Judith, hawaye ya cika mata ido, domin su tun ɗazu rurin yake cika musu kunne. Ta ja hannunsa suka ci gaba.

Kai, jama'a! Ruwa ne fari fat yake rikitowa daga sama, feshinsa yana tashi kamar tururin tukunya, bakan gizo a tsaye a tsakiya. Judith, wadda famfon layinsu kawai ta sani da kogin Kaduna ta tagar mota, ta saki baki ta kasa rufewa. Shekari ya durƙusa ya dafa dutse. Dutsen yana rawa. Rurin ya bi ta tafinsa ya hau har ƙirji, tsoro da murna suka kama shi lokaci guda.

A nan kowa ya zama kurma. Judith tana ihu, uwarta tana cewa "Me?" Shekari kaɗai yake gane su, don leɓe yake kallo. Ya ga bakin Celina yana tambaya a tsorace, "Baban Judith, kana ji?"

Ya kama hannunta ya ɗora a ƙirjinsa, ya ƙwala da muryar nan tasa ta masaƙa, wadda ita kaɗai ta iya ratsa ruwan.

"Ina ji!"