Tabarau da na kai wa Baba

Shekaru sun ja, kuma na lura kowane lokaci na ba da labarin nan sai na ɗan sassauta wa kaina. Saboda haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Mahaifina mai garka ne a fadamar da ke kusa da Kore Mairuwa. Karas, tumatir, zogale, har da mangwaro uku. Tun hantsi yake tsaye cikin rana yana jan ruwa, farin rairayi na mayar masa da haske a fuska. Abin da ya raba shi da ranar nan malafa ce kawai, mai faɗin baki, wadda wani makiyayi abokinsa ya saƙa masa.

A shekarata ta biyu a jami'a a Yamai, malaminmu ya yi mana darasi kan ido. Ya ce cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ba a gani, wanda yake cin ido a hankali har ya sa yanar ido. Ya ce a rufe ido daga gare shi, kuma a yawaita cin ganye da kayan lambu masu launi, domin akwai sinadarai a cikinsu da ake kyautata zaton suna rage wannan ɓarnar. Na rubuta, na ja layi biyu. Baba nake gani a takardar.

Da na zo hutu, na fara da maganar abinci. Muna zaune bayan azahar, Inna da yayata suna cin kwaɗon zogale a bakin madafa. A gidanmu wannan cimar mata ce. Maigida furarsa da tuwonsa, abin garka kuwa kasuwa yake tafiya.

Na ce, "Baba, an ce wataƙila zogale da karas suna iya ɗan taimaka wa ido."

Ya ce, "Mushe, an ce, ko ka ce?" Haka yake kirana, wato malamin boko, tun da na shiga lakkwal, makarantar faransanci.

"Ana dai bincike."

"To in sun gama ka hwaɗa mini. Ni da awaki ba mu ci kwano guda."

Yayata ta yi dariya har ta ƙware. Ban sake tayar da maganar ba. Ina ganin da na ce masa likita ne ya umarta, da ya ci. Amma ban tabbata ba, kuma an koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Tabarau ya fi sauƙi, tunda tsaraba ce. Na saye shi a tasha wurin mai tallar kaya, baƙi ƙirin. Wannan karon ban ce wataƙila ba. Na ce, "Baba, wannan zai kare maka ido." Ya saka, ya dubi sama, ya ce, "Kai! Rana ta yi ladabi." Maƙwabta suka riƙa kiransa jandarma, ya ji daɗin abin. A iya tunawata, daga nan ya rataye malafar. Ya ce wanda ɗansa ya kawo wa kariyar zamani ba ya buƙatar kaba.

Rani huɗu ya yi da shi a garka.

Lokacin da ya fara zuba ruwa gefen komin shuka, yana taka shuka, na kai shi wurin likitar ido a Doutchi. Ta ce yana ce, duka biyun, na dama ya fi. Ta karɓi tabaran ta juya shi, ta ce roba ce mai launi kawai. Irin wannan, in ji ta, yana sa ƙwayar ido ta buɗe cikin duhu, hasken mai cutarwa kuma ya shige. Na tambaye ta ko shi ne sanadi. Ta ce shekaru ma suna kawo yana, ba wanda zai iya rantsewa. Sannan ta ce wa Baba ya koma ga malafarsa, ya ci ganye.

Ya juyo inda yake jin numfashina. "Ka ji, Mushe? Ita ba ta ce wataƙila ba."

An yi masa aiki. Na hagu ya buɗe kaɗan, na dama bai dawo ba. Garkar tana hannun mijin yayata yanzu. Baba yana cin kwaɗonsa kullum da rana, a zaure, malafa a kai ko da yana inuwa. Bai taɓa zargina ba, kuma ya hana a jefar da tabaran.

Abu ɗaya nake roƙo ga waɗanda suka san shi a garka. Yayata ta ce ya daina sa malafa tun kafin in kawo tabarau, don ta yage. Ni na tuna ta a rataye lafiya lau. Wanda ya san gaskiyar ya aiko mini, ko da ba ita nake son ji ba.