Shari'ar Albasa da Gero

Shekarun baya, bayan rasuwar maigidana, ɗana da ke koyarwa a Aliero ya ɗauko ni daga Danwarai na ɗan zauna wajensa. Ni ban yi karatu ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ina faɗi ina share hawaye.

Wata rana da hantsi ina tsintar wake, shi kuma yana kallon wani gajeren fim na Turawa a kwamfuta. Ba launi, ba rawa. Wata mata na tsaye cikin ruwa tana yi wa kujera magana, wani mutum na ta tafiya da baya. Matar ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai allon ya yi baƙi.

Na ce, "Caji ya ƙare?"

Ya yi dariya. "Inna, ƙarshen ke nan. Wani mawaƙi ne ya fara tsara wasan, ya mutu bai gama ba. Masu fim ɗin suka tsaya inda ya tsaya."

"Kuma mutane suka zauna suka kalla?"

"Har da tafi."

Ban san lokacin da na miƙe ba, wake ya watse ƙasa. Maigidana manomin albasa ne, amma duk kaka shi ke tsara wa samari wasan kalankuwa cikin waƙa. A na ƙarshe, Albasa da Gero ne suka kai ƙara gaban alƙali, kowa na cewa shi ke riƙe da gida. A tsakar gida muke gwadawa, shi Gero, ni Albasa. Bai kai ga hukuncin ba ciwo ya kwantar da shi. Baitocin duk suna kaina, ni kaɗai, na kuma yi shiru da su, don a garinmu ba a kai rabin wasa dandali. Da na mutu a haka, da sun bi ni kabari.

Na ce, "Tashi ka kai ni gida."

"Yanzu, Inna? Ko kallabi ba ki ɗaura daidai ba."

A gida na zaunar da ƙanin maigidana da abokansa, na yi ta biya musu baitocin har muryata ta dishe. Ƙanin ya ce bari ya ƙara hukuncin. Na ce, "Yayanka bai yanke ba, kai wa ya naɗa ka alƙali?"

Ranar wasan, Albasa ta zagi Gero, Gero ya rama, dandali ya ɗauki dariya. Alƙali ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, sai makaɗi ya ajiye ganga. Aka yi tsit. Can wani tsoho ya ce, "To wa ya ci?" Nan gardama ta ɓarke, manoman gero gefe, 'yan albasa gefe. Ni ina kuka ina dariya.

Har yau kewar maigidana ba ta sake ni ba. Amma an ce mini ko a kasuwar Jega ana wannan musu. Masu zuwa tambayata wa ya yi niyyar bai wa gaskiya, nakan ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na tambaye shi yana kwance, murmushi kawai ya yi.