Wasiƙar taubashina da ban karanta ba

A shekarun da shagunan intanet suka fara buɗewa a Azare, ina koyarwa a wata sakandare, kuma duk Asabar nakan je duba imel. Mai shagon wani Inyamuri ne da ya daɗe a garin, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Intanet ɗin kuwa sai ka gama cin gyaɗar hannunka shafi bai buɗe ba, in ya buɗe rabinsa 'yan damfara ne da masu tallar magani. Mai shagon ne ya nuna mini inda zan danna in ce saƙo na banza ne. Ya ce daga ranar duk abin da mai adireshin ya aiko, kwandon shara zai wuce, ba zan ma gan shi ba.

Ina da taubashi, ɗan goggona ta Udubo, yana aiki a Fatakwal. Tare muka tashi, kuma bakinsa ba linzami. Ranar sunan 'yata ta fari ya tsokane ni a gaban surukaina, ya ce sau uku na faɗi jarrabawa kafin a tausaya a ba ni alli. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Kowa ya san ba a fushi da wasan taubashi, amma ni na yi. Na daina ɗaukar wayarsa. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da turo mini imel na barkwanci da addu'o'in nan da ake cewa a tura wa mutum goma. Wata Asabar na ga sunansa har sau huɗu, raina ya ɓaci, na danna masa abin da nake danna wa 'yan damfara. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata bakwai aka kawo shi gida ba lafiya, ciwon hanta. Na ji labari, na ce sai an yi hutu zan je. Bai kai hutun ba.

Da na shiga yi wa Goggo ta'aziyya, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tun yana asibiti a can ya rubuto mini doguwar wasiƙa ta kwamfuta, kuma da ya dawo duk wanda ya zo daga Azare sai ya tambaye shi ko na ba da saƙo.

"Me ya ce maka a ciki, ɗan nan?" in ji ta. "Ni bai gaya mini ba."

Na ce mata zan dawo in karanta mata.

Da na dawo Azare, daga tasha shagon na wuce. Na buɗe kwandon da ban taɓa leƙawa ba, na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, babu nasa. Mai shagon ya tambayi yaushe aka aiko, na ce wata biyu ke nan. Ya ce abin da ya wuce wata guda a nan da kansa yake gogewa, ba mai iya dawo da shi.

Har yau ban sani ba ko gafarata ya nema, ko shi ne ya yafe mini, ko kuwa wata tsokanar ce. Goggo ta yi shekara huɗu bayansa. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko na taho da takardar.